Asirin da ke cikin dodon hoto

A wannan sati, da izininku, za mu leƙa wani fage wanda ba mu cika takawa ba a wannan shafi, watau fagen masu fasaha na zamani, da irin abin da wasunsu ke yi da kayan ɗaukar hoto waɗanda duniya ta riga ta zubar a juji.

Duk wanda ya yi jarrabawar satifika kafin salula ta cika gari, ya san mai hoton akwati. Namu yana zama ne gindin wani dogon yaro kusa da komisariya, da akwatinsa na katako bisa ƙafa uku, da hannun riga na baƙin ƙyalle liƙe a jikin akwatin, da bokitin ruwa a gefe. Ranar da mushe ya kora mu wurinsa, ɗaya bayan ɗaya ya riƙa zaunar da mu bisa benci, baƙin zane a bayanmu, ya kama haɓar yaro ya ɗaga, ya daidaita kai har kunnuwa biyu su fito, sa'annan ya ce kada a yi dariya, kada a ƙifta. Sai ya cire murfin idon akwatin, ya ƙirga cikin ransa, ya mayar. Daga nan ya zura hannu cikin ƙyallen yana lalube kamar ungozoma, domin ɗakin wanke hoton duka yana cikin akwatin nan ne, da ƴan kwanoninsa na magani. Abin da ya fara fitowa shi ne dodon hoto, wanda su masu sana'ar ke kira kilishe: fuska fara fat, farar riga baƙa ƙirin, haƙora kamar an ci gawayi. Mu yara me za mu yi in ba dariya ba, muna cewa wane ya zama anasara. Shi kuwa sai ya manna dodon a wani ɗan allo gaban akwatin, ya sake ɗaukarsa, a karo na biyu ne baƙi ke komawa baƙi, fari ya koma fari.

Cikinmu babu wanda ya tambayi dalilin hana dariya, ko wanda ya sa dokar kunnuwa biyu. Mun ɗauka haka Allah ya yi hoto, kuma gani ya kori ji. To, abin da na lura da shi a ayyukan da zan kawo muku shi ne, muddin kayan aiki na raye ana mora, ba mai kallonsa, abin da ya fitar kawai ake kallo. Sai ranar da ya tsufa aka ajiye shi kana ido ke faɗawa kansa, a ga ashe yana da dokoki, kuma wani ne ya sa su.

Mu fara da garin Shalon, bakin kogin Son a ƙasar Faransa. A nan aka haifi Nicéphore Niépce a shekarar 1765, mutumin da ya ɗauki hoto mafi tsufa da ya rage a duniya, wajen 1826 ko 1827, daga tagar gidansa a wani ƙauye da ke kusa. A wannan gari kuma kamfanin Kodak ya kafa wata ƙatuwar masana'anta ta yin pelikil, watau zaren nan da ake ɗura wa kamara. A 2006 wata Baturiyar Ingila mai suna Tacita Dean ta nemi irin pelikil mai baƙi da fari da ta saba aiki da shi, aka ce mata an daina yi. Ta samo ƴan ragowar naɗi biyar a Amurka, ta tafi Shalon ta ɗauki injinan masana'antar suna jan zaren cikin ɗan haske, kamar ruwa na kwarara, da ɗakunan da ma'aikata suka fara watsewa daga cikinsu. Fim ne na minti 44, sunansa Kodak, babu mai bayani a cikinsa, babu hira. A Disamba 2007 aka sa wa babban ginin nakiya, kuma abin dariya da ban tausayi, bai yarda ya faɗi duka a karon farko ba. A 2011 matar nan ta kafa wani majigi mai tsayin mita 13 a gidan kallo na Tate Modern da ke Landan, fim na minti 11 marar sauti, wanda duk dabarunsa da hannu aka yi su, da rufe wani sashe na idon kamara da yanka da liƙi. Yana cikin juyawa ne, a Janairu 2012, Kodak ya kai kansa kotu cewa bashi ya fi ƙarfinsa. Kamfanin dai bai mutu ba, ya farfaɗo yana ci gaba da yin pelikil ga ƴan tsirarun da ke so. Mulkinsa ne ya ƙare.

Ina girmama aikin wannan mata, domin ta nuna cewa hoto yana da jiki, da azurfa da magani da mutanen da ke shiga aiki da asuba. Amma da a nan maganar ta tsaya, da na ce zaman makoki ne na gidan da ba mu da gado a cikinsa, mu yi musu gaisuwa mu wuce. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yana hannun wasu mutum biyu, Adam Broomberg, haifaffen Johanasbag, da Oliver Chanarin, haifaffen Landan, waɗanda suka yi aiki tare har zuwa 2021. Su ba kuka suka je yi wa gawar ba, aljihunta suka lalube.

Ga abin da suka fito da shi. Tun daga shekarun 1950, Kodak na aika wa masu wanke hoto mai launi wani kati na gwaji, mai ɗauke da hoton wata Baturiya, wadda aka sa wa katin sunanta, Shirley. Kafin mai wanki ya fara aiki, sai ya daidaita injinsa har launin fatar matar ya fito daidai da na katin. Da ya samu haka, sai a ce inji ya zauna, duk hoton da zai biyo baya da wannan mudu za a auna shi. An yi ta canja matar cikin shekaru, sunan bai canja ba, launin fatar ma haka. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fitar da kati mai mata uku, har da baƙar fata. Kada mai karatu ya zaci wani ne ya zauna ya ƙulla mana sharri. Pelikil yana da iyakar abin da zai iya ɗauka tsakanin mafi haske da mafi duhu, tilas masu haɗa maganin su zaɓi inda za su ajiye kyawunsa, su kuwa suka ajiye shi inda masu kuɗin saye suke. Sakamakon shi ne, in an ɗauki ƴan aji guda, farare da baƙaƙe, fuskar baƙin yaro sai ta nutse, a bar shi da idanu da haƙora. Wata malamar jami'a a Kanada, Lorna Roth, ta binciki wannan tarihi ta buga a 2009, kuma abin da tsofaffin ma'aikatan kamfanin suka faɗa mata yana da ɗaci: kukan da ya fi sa aka gyara launin ƙasa-ƙasa ya fito ne daga masu sayar da cakulan da masu kayan katako, waɗanda suka ce a hotunan tallarsu ba a bambanta wannan itace da wancan. Daga baya da aka sami pelikil mai iya ɗaukar baƙar fata, sai aka riƙa yabonsa a sakaye, ana cewa yana iya fito da kamannin baƙin doki a cikin ƙarancin haske. Wannan zance na doki shi Broomberg da Chanarin suka sa wa nuninsu suna a 2012.

Wa ya manta hotunan salla da na buki da muka riƙa karɓowa daga wurin wanki, a ce wance ba ta da kyan hoto, wane hoto ba ya sonsa? Kanmu muka zarga, ko mai hoto, ko rana. Alhali a Bamako, su Seydou Keïta da Malick Sidibé, da baƙi da fari, sun fito da fatar mutanensu tana sheƙi, kowace tsaga da kowane kitso a fili, domin su ne ke auna haskensu, su ne ke wanke abinsu da hannu. Da hoto mai launi ya zo a shekarun 1980, wanki ya bar hannun mai hoto ya koma cikin inji, shi kuwa inji da mudunsa ya zo. Guguwar nan ce ta rufe ɗakunan hoto da yawa a Afirka ta Yamma. A Yamai ma muna da namu, Philippe Koudjina, ɗan asalin Togo, wanda ya ɗauki darare da raye-rayen birnin a shekarun 1960 da 1970, ya rasu a 2014. Na tabbata masu saninsa a Pari sun fi masu saninsa a Maraɗi.

Ana ba da labari cewa lokacin da gwamnatin Mozambik ta gayyaci Jean-Luc Godard a ƙarshen shekarun 1970, ƙin taɓa pelikil na Kodak ya yi, ya ce yana da wariyar launi. (A wannan zamani ne kuma Jean Rouch, wanda ya rasu kusa da Birnin Ƙonni a 2004, ya je can yana koya wa matasa ɗaukar fim da ƙananan kamarori.) Su Broomberg suka ɗauki wannan zargi suka ce bari su gwada. Suka sayi tsohon pelikil wanda wa'adinsa ya wuce da shekaru masu yawa, suka tafi Gabon suka ɗauki bukukuwan tsafin Bwiti, suka dawo suka wanke da tsohuwar dabara. Daga dukan naɗin, hoto ɗaya tak ya fito. A nan ina da ja. Pelikil da ya ruɓe zai ƙi Bature kamar yadda zai ƙi ɗan Gabon, saboda haka gwajin bai tabbatar da kome ba. Kuma mutanen da suka buɗe musu asirin bukinsu sun sake ɓacewa daga hoto, wannan karo da sunan kare su. Wasa ne mai wayo, amma wayon ya fi shaida yawa.

Kashi na biyu na aikin ya fi nauyi. A zamanin mulkin wariya a Afirka ta Kudu, duk baƙin mutum da ya kai shekara 16 tilas ya riƙe littafin izinin yawo mai ɗauke da hotonsa. In ɗan sanda ya tare shi babu littafin, sai gidan kaso. A kan wannan littafi aka harbe mutum 69 a Shafbil ranar 21 ga Maris 1960, kuma sai a 1986 aka soke dokarsa. Cikin na'urorin da aka ɗauki hotunan da su har da wata ta kamfanin Polaroid mai suna ID-2, mai fitar da hoto nan take. Tana da wani maɓalli na ƙara ƙarfin walƙiya da kashi 42 cikin ɗari, wanda Broomberg ya ce an sa shi ne domin baƙar fuska ta fito sarai. Ku dubi wannan al'amari da kyau. Lokacin da hoto yake na buki da zumunci, an yi shekaru ba a damu da mu fito ba; lokacin da hukuma ke son ta gane fuskar wanda za ta kama, maɓalli ɗaya ya isa. Ba masu fasaha ne suka fara tona wannan ba. A 1970, a hedkwatar kamfanin a Amurka, wata baƙar fata masaniyar haɗa magunguna, Caroline Hunter, da abokin aikinta Ken Williams, suka ga samfurin katin da ake yi wa Afirka ta Kudu, suka kafa ƙungiyar ma'aikata ta neman a ƙaurace wa kayan kamfanin. An kori Hunter daga aiki, amma a 1977 Polaroid ya janye daga ƙasar. Da su Broomberg suka sami wannan na'ura, sai suka ƙi nuna ta ga fuskar ɗan Adam. Suka yawata ƙasar suna ɗaukar furanni da ganyaye da ƙaya, suka nuna su a Johanasbag a 2013, ƴan ƙananan hotuna irin girman na katin shaida. Wannan kam na yarda da shi.

Duk da haka, wanda ya fi kama zuciyata cikin wannan fage ɗan sana'a ne, irin mai akwatinmu, wanda bai koyi abin a jami'a ba. Samuel Fosso an haife shi a Kumba ta ƙasar Kamaru a 1962, iyayensa Ibo ne, ya tsira daga yaƙin Biyafara yana ƙarami, kawunsa ya tafi da shi Bangi. A 1975, yana ɗan shekara 13, ya buɗe ɗakin hotonsa. Da rana yana ɗaukar masu ciniki, hoton katin shaida da na aure da na suna. Da yamma, in gurbi ɗaya ko biyu ya rage a naɗin pelikil, ba a wankewa a bar shi banza tunda kuɗi aka sa aka saya, sai yaron ya rufe ƙofa, ya sa wando mai faɗin ƙafa da takalmi mai tudu da ƙaton tabarau, ya tsaya gaban kamararsa ya cike gurbin da kansa. Wasu ya aika wa kakarsa a Najeriya don ta ga yana raye yana cikin ƙoshin lafiya. Watau tsimi ne ya haifi aikin, da tsadar kaya. Da a zamanin salula ne, inda hoto dubu ba ya cin ko dala, da babu ragowar gurbin da za a cike. Abin da ke ba ni sha'awa a hotunan nan shi ne bai ɓoye kome ba: ga fitilun a gefe, ga ƙarshen labulen da aka zana, ga daɓen ɗakin. Abin da mai hoto ke yankewa don mai ciniki ya ga kamar yana wani wuri, shi ya bar shi a fili.

Duniya ba ta san da su ba sai a 1994, da aka yi taron farko na masu hoton Afirka a Bamako. A 1997 kantin Tati na Pari ya ba shi aiki, ya fito a matsayin sarkin da ya sayar da Afirka ga ƴan mulkin mallaka, zaune bisa kujera cikin fatar damisa da sarƙoƙin zinariya, da furanni a hannu, irin zaman da masu hoton Turawa suka saba zaunar da sarakunanmu. A 2008 ya sake ɗaukar sanannun hotunan su Lumumba da Senghor da Nkrumah da Mandela da Angela Davis, shi ne kowanensu, har sai mai kallo ya gane cewa rabin abin da muke kira kwarjinin shugaba tabarau ne da karkata kai da inda aka ajiye fitila.

A Fabrairu 2014, ana tsakiyar rikicin Bangi, shi yana Pari, ɓarayi suka fasa gidansa suka kwashe abin da ke sayuwa, har da kwanon rufi. Abin da ba su ga amfaninsa ba, dodannin hotuna na shekara kusan 40, suka watsar a ƙasa. Wasu ƴan jarida biyu masu ɗaukar hoto, Jérôme Delay da Marcus Bleasdale, tare da Peter Bouckaert na ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam, su suka tsince su cikin ƙura, dubbai, suka zuba a buhuna. Akasarinsu fuskokin mutanen gari ne da suka zo hoton katin shaida. Bayan wannan ne, a 2015 da 2016, Fosso ya zauna gaban wata babbar kamara mai fitar da hoto nan take irin na Polaroid, ya ɗauki kansa sau 666, adadin da littafin Kirista ya danganta da mugun abu. Babu kayan ado, babu riga, babu labule mai zane. Kai da kafaɗa kawai, yadda hukuma ke so. Sai dai duk dokokin da aka kafa wa wannan irin hoto ya karya su ɗaya bayan ɗaya: ya yi dariya, ya runtse ido, ya ɓata rai, ya yi kamar mai kuka. Kuma irin wannan hoto ba shi da dodo, ba a sake wanke shi, kowane ɗaya shi kaɗai ne, wanda ya lalace ya lalace. Mutumin da aka zubar wa dodanni a titi ya zaɓi dabarar da ba ta barin dodo. A 2023 aka ba shi kyautar Deutsche Börse, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan hoto na Turai.

Wani zai ce duk wannan tarihi ne, pelikil ya tafi da mudunsa. A 2018 wata mai bincike a Amurka, Joy Buolamwini, ƴar asalin Gana, ta gwada na'urorin gane fuska na manyan kamfanoni uku: a kan farar fata maza kuskurensu bai kai kashi 1 cikin ɗari ba, a kan baƙaƙen mata ya kai kusan kashi 35. A ɗaya gefen kuma, kamfanin Sin mai yin salular Tecno da ke aljihun yawancinmu ya ci kasuwar Afirka ne, cikin wasu dalilai, da daidaita kamararsa a kan baƙar fata. Mai kuɗin saye ya canja, mudu ya bi shi, kamar yadda ya bi masu cakulan.

Kwanan baya hoton fasfo ya kai ni tsohuwar unguwarmu. Dogon yaron na nan, bencin ma kamar shi ne, amma mai akwati babu shi, kuma waɗanda na tambaya ba su san inda akwatin ya shiga ba. Wani saurayi ne a wurin da salula da ɗan injin bugawa a cikin jaka, da farin ƙyalle maimakon baƙi. Ya kama haɓata ya ɗaga, ya duba kunnuwa biyu, ya ce kada in yi dariya. Da ya ɗauka, sai ya juyo mini da fuskar salular, yatsansa bisa wani ɗan maɓalli, ya ce: «Yallaɓai, in ƙara maka haske kaɗan? Kowa haka yake so.» Na ce ya bar ni yadda nake. Ya dube ni, ya dubi hoton, ya ce to, amma in an ƙi karɓa a ofis kada in dawo masa.

Sai sati mai zuwa, in Allah ya kai mu.